Ciyaman da 'Yan Rukunin C

Akwai wani mutum da abokan karatunsa suka kusa manta sunansa na yanka, don shekara takwas ke nan ba wanda ya kira shi da shi. Ciyaman suke ce masa. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata makarantar koyon kasuwanci, 'yan ajin da suka gama tare, su ɗari da arba'in.

Duk bayan wata uku ƙungiyar kan yi taron sada zumunci a ɗakin taro na wani otal. A gaisa, a yi musayar katin kasuwanci, mai kaya ya gamu da mai saye, mai neman aiki ya gamu da mai neman ma'aikaci. Sauran azuzuwan makarantar sun gwada irin wannan taro, nasu ya mutu cikin shekara biyu. Na su Ciyaman kuwa kullum sai an ƙaro kujeru.

Shi a ganinsa, shi ne sirrin. Yana da kwat mai kyau, yana da murya, kuma in makirfo ya shiga hannunsa sai an yi da gaske yake saki.

Matarsa ma 'yar ajin ce. Monita ake kiranta, domin ita ce mai riƙe rajistar aji lokacin karatu. A can suka haɗu. Ranar wata jarrabawa bironsa ya ƙi rubutu, ta miƙo masa nata ko kallonsa ba ta yi ba. Da aka tashi ya ƙi mayarwa, har ta biyo shi bakin ƙofa. Ya ce mata in ya mayar, da wane dalili zai sake yi mata magana gobe? Ta harare shi, sannan dariya ta ƙwace mata. Bayan shekara biyu suka yi aure.

Da ta haifi 'yan biyu sai ta ajiye aikinta na ofis. Amma ba ta ajiye 'yan ajin ba. Mako biyu kafin kowane taro, in yara sun tafi makaranta, takan zauna a teburin kicin da waya, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba da maganar taro take farawa ba.

“Ya jikin Mama? An sallame ta?”

“Na ji an yi gobara a layinku, shagonka dai lafiya?”

Sai an gama wannan take cewa, “To ran Asabar ta sama muna sa ido fa.” Da yawa ba don katin kasuwanci suke zuwa ba. Kunyar muryarta ce ke kawo su.

Ciyaman yana ganinta tana waya. Hirar mata ya ɗauke ta.

Ana nan sai wani babban kamfanin rarraba kaya ya nemi wanda zai shugabanci sashen hulɗa da 'yan kasuwa. Ciyaman ya nema, aka kira shi ganawa. A gaban Daraktan kamfanin ya gyara zama ya ce, “Yallaɓai, ni ba takardar shaida kawai na zo da ita ba. Ina da 'yan kasuwa ɗari da arba'in a tafin hannuna. In na kira, za su zo.”

Darakta dattijo ne mara yawan magana. Ya ce, “Duk wanda ya zauna a kujerar nan haka yake faɗa. Yaushe ne taronku na gaba?”

“Nan da mako uku, Yallaɓai.”

“Zan zo da kaina. In na ga abin da ka faɗa, aikin naka ne. In ban gani ba, kada ma ka wahalar da kanka da kira.”

Ciyaman ya fito yana jin aikin a aljihunsa. A makon ya miƙa takardar barin tsohon wurin aikinsa, duk da Monita ta ce ya dakata a ga yadda za ta kasance. Ya ce mata, “Haba Monita, kin taɓa ganin taron nan bai cika ba?”

Sai batun tsarin zama. A makaranta an koya musu wata dabara: ɗan kasuwa ya raba abokan cinikinsa gida uku. Rukunin A, masu kawo riba, a ba su lokaci. Rukunin B, a riƙe su, wataƙila su girma. Rukunin C, kada a ɓata ƙarfi a kansu. Malamin harkar ciniki yake nufi. Ciyaman ya ɗauki dabarar ya ɗora a kan mutanen da ya yi shekara biyu yana zama benci ɗaya da su.

Ya buɗe jerin sunayen ƙungiya a kwamfuta, ya ƙara layi biyu a gefe. Ɗaya na harafi, ɗaya na bayani. 'Yan A za su zauna gaba, kusa da Darakta. 'Yan C can baya, wajen ƙofar da masu kawo abinci ke shigowa. Mutum goma sha ɗaya suka samu A, talatin suka samu B, sauran duk C. Bai tsallake kowa ba, don shi mutum ne mai son aikinsa ya cika.

Da lokacin buga katin suna ya yi, irin wanda ake ratayawa a wuya, sai ya tura jerin ga wani ɗan ajinsu mai shagon buga takardu, wanda suke kira Firinta. Shekara takwas Firinta na buga wa ƙungiya katuna da allon sanarwa don zumunci kawai. Kafin ya tura, Ciyaman ya ɓoye layukan nan biyu. Ɓoyewa ya yi, bai goge ba. Firinta kuwa, in zai jera sunaye a kan kati, abin da yake fara yi shi ne ya buɗe duk abin da ke cikin jerin, don kada ya bar wani a baya.

Washegari da hantsi Monita na shanya a bayan gida ta ji sallama. Firinta ne, da takardu a nannaɗe a hannu. Ta nuna masa kujera, ya ƙi zama.

“Monita, ki gafarce ni na zo babu sanarwa. In ban nuna wa wani ba zuciyata fashewa za ta yi. Karanta nan.”

Ta goge hannu ta karɓa. Ya ɗora yatsa a kan sunansa. An rubuta: “C. Amfaninsa buga takarda kyauta. Hannunsa kullum tawada, a ajiye shi baya.”

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta bi layin ƙasa. Ga Anti Mai Kanti, wadda ta girme su duka, wadda ta shiga makarantar tana da 'ya'ya huɗu: “C. Surutu. Kanti ɗaya tun da muka gama. Kada a ba ta makirfo.” Ga wani da kamfaninsa ya rushe bara, kalma biyu kawai aka yi masa: “C. Ya ƙare.” Har 'yan A ba su tsira ba. A gaban sunan wani mai gidajen mai an rubuta: “A. Girman kai ya yi masa yawa, amma a lallaɓa shi.”

“Wa ya rubuta wannan?” ta tambaya, alhali ta sani.

“Mijinki mana! Shekara takwas, Monita. Ranar da injina ya lalace, shagon wani na je na roƙa na buga katunan nan, don kada ya ji kunya a gaban mutane. Ashe ni a wurinsa tawada ce kawai.”

Ta lura shafi na huɗu a ninke yake, kuma Firinta ya danne shi da babban yatsa.

“Sakar min wannan.”

“Babu komai a nan, sauran sunaye ne.”

“Firinta, sakar min.”

Ya saki, ya juya yana kallon bango. Sunanta na nan, na uku daga ƙasa. “C. Ba ta harkar komai yanzu. Tana gida.”

Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar yadda ta same ta, ta ce, “Bar min wannan. Kuma don Allah kada ka nuna wa kowa tukuna. Bari in ji daga bakinsa.”

Da yamma Ciyaman ya dawo yana 'yar waƙarsa. Ya tarar da takardar a kan teburin cin abinci, daidai inda farantinsa ya saba zama. Ya duba, fuskarsa ta canza. Sannan ya yi abin da ya fi rubutun muni. Ya yi dariya.

“Au, wannan? Tsarin aiki ne kawai, Monita. Ke ma fa kin zauna a ajin da aka koya mana.”

“Na zauna. Na ma fi ka maki a darasin. Malam ciniki yake nufi, ba zumunci ba.”

“Ai ba don kowa ya gani na rubuta ba.”

“Shi ya sa na yarda da abin da ke ciki. Da don a gani ne, da yabo za ka cika shi da shi. Karanta min na uku daga ƙasa.”

Ya kawar da kai daga takardar.

“Karanta mana, ranka ya daɗe. Ba kai ne mai murya ba?”

“Ke daban ce. Jerin ne sai an cike kowane gurbi, kuma in za a bi gaskiya ai yanzu ba kya...” Ya haɗiye sauran.

“Ƙarasa. Ba na harkar komai.” Ta matso kusa da shi. “Na ajiye ofishina na riƙe maka 'ya'ya, ban taɓa yi maka gori ba ko sau ɗaya. Ka zauna, ka zo kan sunana, ka yi tunani, ka danna C. Hannunka bai yi nauyi ba? Ko ɗar ba ka ji ba?”

“Kina ɗaukar abin da zafi. Bari a gama taron nan, in na samu aikin sai mu...”

“Taronka ne. Ni ba zan kira kowa ba.”

“Kamar ya?”

“Kamar yadda ka ji. Mara harka me za ta yi da waya?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Sanarwa ɗaya zan saka a guruf ɗinmu na waya kowa ya zo. Kiran naki dama gaisuwa ce.”

Ta ɗauke takardar, ta kawo masa abincinsa, ta shige wurin yara.

Da ya je ya ba Firinta haƙuri, da wataƙila abin ya tsaya a nan. Amma ina! Da safe ya faɗa shagon kamar wanda aka yi wa sata, a gaban ma'aikata da masu jiran aiki.

“Wa ya ba ka izinin buɗe abin da na ɓoye? Ka shiga har gidana ka haɗa ni da matata!”

Firinta ya kashe injin don ya ji da kyau. “Ni na rubuta?”

“Aikinka ka buga abin da aka ba ka, ba bincike ba. Irin wannan halin ne ya sa har yau kana nan cikin tawada. In ba za ka iya ba, shaguna sun fi dubu.”

“To je ka can.” Firinta ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. “Na yi wa Monita alkawari zan yi shiru har ta ji daga bakinka. Ta ji. Yanzu saura su.”

Kafin Ciyaman ya kai motarsa, wayarsa ta fara ƙara ba tsayawa. Hoton shafukan nan huɗu ya shiga guruf ɗin ƙungiya.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa duka. Wani ya rubuta, “Ni ne C? Ni da na yi shekara guda ina ɗauko ka a babur zuwa lacca?” Wata ta ce, “Wai ba ni da tasiri. Lokacin da na raba dare ina gyara maka aikin kammalawa, tasirin wa ka yi amfani da shi?” Mai gidajen man ya turo layi ɗaya: “Mai girman kai yana gaisuwa. A nemi wani a lallaɓa.” Shi kuwa wanda aka ce ya ƙare bai rubuta komai ba. Fita kawai ya yi daga guruf ɗin, kuma fitarsa ta fi duk zagin nan yi wa mutane ciwo.

Ciyaman ya rubuta doguwar sanarwa. Babu kalmar haƙuri a ciki ko ɗaya. Cewa ya yi an yi wa takardar mummunar fahimta, kuma ya kamata masu ilimin kasuwanci su fi kowa gane irin wannan tsari. Kafin la'asar mutum sittin sun fice.

Saura kwana goma taro. Ya ga ba makawa sai kira. Ya fara da Anti Mai Kanti, don ya san in ta sauko da yawa za su sauko.

“Anti, barka da rana, Ciyaman ne. Ya kasuwa? Ya maigidan, yana lafiya?”



“Maigidan?” in ji Anti. “Shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarsa. Matarka ta yi yini uku a gidana tana karɓar gaisuwa tare da ni. Ta ce min aiki ya riƙe ka, ka ce a yi min ta'aziyya. Ashe rufa maka asiri take yi.”

Monita ta gaya masa a lokacin. Kansa na kan waya, ya ce Allah ya jiƙansa, bai ko tambayi wane ne ba.

“Anti, wallahi ni...”

“Kada ka rantse, ɗana. Zan zo taronka. Ni mai surutu ce, ina da abin faɗa.” Ta kashe.

Ya kira wasu ashirin, huɗu suka ɗauka. Ɗaya ya ce ba ya gari. Ɗaya ya ce, “Ka tabbata lambata kake nema? Wannan layin 'yan baya ne.” Kwana uku kafin taro, ya je ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar baƙo.

“Monita, mutum ashirin kawai ki kira min. In suka ji muryarki za su zo.”

“In ce musu me? In ce mijina ya ce kun ƙare, amma ku zo ku cika masa kujeru?”

“Aikina ne a kai. Abincin yaran nan ne.”

“Na sani. Ka zaci ban yi wannan tunanin ba? Tun ranar abinci ba ya wuce min.” Ta ajiye cokalin da ke hannunta. “Amma in na kira su yau, da bakina zan ci amanarsu. Za su zo don ni, kai ka zaunar da su bakin ƙofa, ka samu aiki a kan bayansu, ka kuma ƙara tabbata kai ne ka tara su. Ba zan yi ba.”

Ran Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, ɗakin taro ya sha gyara. Kujeru ɗari da hamsin sanye da farin ƙyalle, tebura da kwalaben ruwa, katunan suna da wani shago ya buga jere a bakin ƙofa. Ciyaman na tsaye cikin sabon kwat, yana duba agogo yana duba ƙofa.

Darakta ya iso huɗu da minti biyar. Mutum tara ya tarar. Uku 'yan A ne da ba su da lokacin karanta guruf, kowa kansa na kan waya. Sauran 'yan B ne da suka zo ganin yadda za ta kaya.

“Cunkoson hanya ne, Yallaɓai,” in ji Ciyaman. “Yanzu za ka ga sun cika.”

Darakta ya zauna. Huɗu da rabi ta yi. Biyar saura kwata ta yi. Masu hidimar otal suka jingina da bango suna kallon kujeru. Ɗaya daga cikin 'yan A ya miƙe ya ce yana da wani zama, ya fita ko sallama bai yi wa baƙon ba.

Sai ga Anti Mai Kanti. Ta wuce teburin katuna ba ta ɗauki nata ba. Ta bi tsakiyar kujerun nan da ba kowa, takalminta na ƙara, har gaban Darakta.

“Kai ne babban baƙon? Sannu da zuwa. Ni 'yar rukunin C ce. An ce kada a ba ni makirfo, to ba na buƙata, muryata ta isa.”

“Anti, don Allah...” Ciyaman ya matso.

“Tsaya can! Shekara takwas kana magana muna tafi. Yau kai za ka saurara.” Ta ciro takardu daga jaka ta ajiye a gaban Darakta. “Ga mutanen da ya gayyato ka ka gani. Karanta yadda ya ɗauke mu. Kantina ɗaya ne, gaskiya ya faɗa. Da kantin nan ɗaya na karantar da 'ya'ya huɗu, kuma mutum goma sha biyu a ajin nan a hannunsu nake sayen kaya. Wanda Ciyaman ya ce ya ƙare kuwa, jiya ya kira ni yana kuka, babba da shi. Ya ce min, Anti, tun da kamfanina ya rushe taron nan ne kaɗai inda nake zuwa in ji har yanzu ni mutum ne.”

Ta juya kan Ciyaman. “Ka ji abin da ka kashe? Kai ko kunya!”

Darakta ya sa tabarau ya karanta, shafi bayan shafi. Da ya ɗago, Anti ya duba.

“Hajiya, an ce min ɗakin nan kullum cika yake. Ƙarya ne?”

“Gaskiya ne. Har tsaye ake yi.”

“To wa ke tara ku?”

“Monita.”

“Wace ce Monita? Tana ina?”

“Matarsa ce,” in ji Anti. “Duba shafi na huɗu, na uku daga ƙasa.”

Darakta ya duba. Ya daɗe a kan layin. Sannan ya cire tabarau ya miƙe.

“Yallaɓai, bari in yi bayani,” in ji Ciyaman. “Dabara ce ta kasuwanci, ko'ina ana amfani da...”

“Na san dabarar, na girme ta. Wanda zan ɗauka aikin nan, tara cikin goma na mutanen da zai yi hulɗa da su masu kanti ɗaya ne, irin Hajiyar nan. Su ne kamfanin. Ka ga kuwa ba zan damƙa maka su ba.” Ya ɗan rusuna wa Anti. “Na gode da kika zo.” Ya fita.

Anti ta tattara takardunta. A bakin ƙofa ta waiwayo.

“Ka gode wa Allah da matar da ya ba ka. Ni da nawa ne ya rubuta min haka, da sai dai ya biyo ni gidanmu.”

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Yara na wasa a falo. Monita na tsaye a kicin tana wanke kwanuka, ba ta juyo ba.

“Mutum tara,” ya ce. “Aikin ya tafi.”

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan, sannan ta ci gaba.

“Faɗi mana. Ce min kin gaya min.”

“Ba zan faɗa ba. Ka zaci daɗi nake ji? Gidan nan ne ya rasa aiki, ba kai kaɗai ba.”

Ya sulale ya zauna a ƙasa, a bakin ƙofar kicin, da sabon kwat ɗinsa da komai.

“Ki yafe min, Monita.”

“A'a. Ba yau ba. Yau aiki ka rasa, shi ya sa bakinka ya yi laushi. In na yafe yanzu, ba zan san ko ni kake nema ko mai gyara maka ɓarna ba.”

“To me zan yi?”

“Mutum ɗari da talatin da tara ka rubuta. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka, ba da waya ba. Kada ka je da kati, kada ka nemi komai. Ka zauna ka ji abin da za su faɗa maka, ko zagi ne ka shanye. Ka fara da wanda ka ce ya ƙare.”

“Ke fa?”

Ta juyo ta dube shi. Idanunta sun yi ja.

“Ni ce ta ƙarshe. In ka gama da su, ka zo ka same ni.”

Washegari ya fara. Wanda aka ce ya ƙare ya bar shi tsaye a ƙofa kusan rabin awa kafin ya ce ya shigo. Firinta ya ce ya dawo bayan wata guda, zuciyarsa ba ta huce ba. Wasu sun rufe ƙofa a fuskarsa, kuma ba mai ganin laifinsu. Ƙungiya ta zaɓi sabon shugaba, ko gayyatarsa ba a yi ba. Kamfanin ya ba wani aikin. Shi kuma da ƙyar ya samu wani ƙarami a wani sito, inda ba mai ce masa Ciyaman.

Wata biyar ke nan, ya kai mutum na arba'in da ɗaya. Monita ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai sake roƙo ba, don ya san layi bai zo kanta ba. Amma kowace yamma in ya dawo ya cire takalmi, takan ajiye masa ruwa, ta ɗan tsaya ta ce, “Yau wa ka gani?”

Darasi: Zumuncin abokan karatu ba kasuwa ba ce da za ka shiga ka zaɓi mai amfani ka watsar da saura. Taron da kake taƙama da cikarsa, duba da kyau, wataƙila wani ne ke riƙe maka shi da kira da gaisuwa da zuwa dubiya, kai kana can riƙe da makirfo. Kada ka auna ɗan ajinku da girman shagonsa, kada kuma ka raina wadda ke riƙe maka gida. Ku tura wa 'yan ajinku su karanta, musamman wanda ba ya kira sai yana da buƙata. Amma kafin ku tura, ku kira mutum ɗaya da kuka daɗe ba ku ji muryarsa ba, ku tambayi lafiyarsa kawai.